Wa ya cire ma ƙasa ƙugiyarta?

  

Na san wasu sun zaci maganar tsadar rayuwa zan ɗauko, ko rashin aikin yi, ko wutar lantarki. Duk suna nan, za mu komo kansu. Yau maganar allon rubutu na kawo muku, wato kilabiye, da yadda manhajojin waya da na kwamfuta ke karɓar abin da muka danna. Kar ku yi saurin cewa wannan aikin ƴan informatik ne. Ku ba ni mintoci kaɗan.

Kowa ya fiddo wayarshi ya rubuta kalmar ƙasa. Ƙasarmu nake nufi, Nijar. Yanzu ku duba abin da ya fito. Mafi yawanmu "kasa" muka rubuta. To kasa a Hausa ita ce gazawa, ita ce tsibin tumatir da ake kasawa a kasuwa, kuma sunan macijiya ce mai dafi. Mu da ke kiran kanmu ƴan kishin ƙasa, kullum muna shelanta ma duniya a Facebook cewa kishin kasa muke yi.

Wanda ya rubuta "jiya mun kwana wajen fada", shayi suka sha da abokai ko dambe suka yi? Ma'ajin adashi ya aiko da saƙo "an bata kudin": an ba ta kuɗin ne, ko an ɓatar da su? Haka kafa da ƙafa, doki da ɗoki, karya da ƙarya, baki da baƙi. Ƙugiyar da ke kan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ita ke raba sauti da sauti, kamar yadda p da b suka bambanta a Faransanci.

Mi ya sa maganar ta taso yanzu? A ranar 26 ga watan Maris 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, Charte de la Refondation. A ciki an ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. An yi ta muhawara a kai, masu murna na yi, masu ƙorafi na yi. Ni tambayata guda ce: harshen nan, a ina ake rubuta shi? Yawancin Hausar da ake rubutawa yau a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, a gilashin waya ake rubuta ta, da babban yatsa. In ƙofar da harshe ke shiga waya ta yi mishi ƙunci, abin da aka rubuta a kundi zai tsaya a takarda.

Haruffan nan sun girme mu duka. Kakanninmu sun daɗe suna rubuta Hausa da ajami. A rubutun boko, tun shekarun 1930 aka fara buga ɓ, ɗ da ƙ a littattafan Zariya. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita baƙaƙen harsunan yankinmu, har da Hausa, Fulatanci, Zabarmanci, Barbarci da Tamajak. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1999 ma'aikatar ilimi ta ƙasarmu ta fidda dokar ƙa'idar rubutun Hausa, mai ɗauke da ƴ, inda ƴan uwanmu na Najeriya ke rubuta 'y.

Ta ɓangaren na'ura ma an gama aikin da daɗewa. Kwamfuta lambobi ta sani, kowane harafi da lambarshi. Tsohon tsarin da aka yi a Amurka a 1963, ASCII, gurbi 128 kawai gare shi, daidai buƙatar Ingilishi. Daga baya aka kafa Unicode don ya ɗauki rubutun duniya baki ɗaya, kuma tun farkon shekarun 1990 haruffanmu suna ciki. Harafin k lambarshi 107, ƙ 409, ƴ 436, ɓ 595, ɗ 599. Fiye da shekara talatin ke nan da aka ba su mazauni. Saboda haka in ka ga ƙugiya ta ɓace tsakanin yatsanka da gilashi, wani ne ya zaɓi haka a lokacin da yake ƙera manhaja, ko da saninshi ko da rashin kula.

Bari in bi da ku ta ƙofofin da harafi ke ratsawa, ku ga inda ake yin zaɓin.

Ƙofa ta farko, mi manhaja ke saurare? Idan ka danna maɓalli a kwamfuta, labari biyu ke tashi. Na farko yana cewa an danna maɓallin da ke layi kaza, gurbi kaza. Na biyu yana cewa harafin da mutumin nan ke nufi shi ne kaza. Mai ƙera manhaja ne ke zaɓen wanda zai saurara. Mu nan mun fi kowa sanin bambancin, don allo iri biyu ke yawo a kasuwanninmu: AZERTY na Faransa da muka gada, da QWERTY da ke shigowa ta Kano da Dubai. Duk wanda ya taɓa zama a sibar ya san kwamfutar da za ka danna A ta ba ka Q, ka danna 2 ta ba ka é. A AZERTY, maɓallin Z yana zaune a gurbin W na QWERTY. Manhajar da gurbi kawai take saurare, in ka danna Ctrl da Z don ka maido abin da ka goge, ita Ctrl da W ta ji, wanda a manhajoji da yawa rufe shafi yake yi. Sauraren gurbi yana da amfani a wasannin kwamfuta, inda wurin yatsa ne abin lura. A wurin rubutu kuwa, harafi ya kamata a saurara.

Ga wani tarko a nan. Kun san maɓallin AltGr da muke dannawa da 0 mu sami @. Da irinshi ne alluna da yawa ke fidda haruffan da ba su da maɓallin kansu. Windows kuma tana ɗaukar AltGr tamkar Ctrl da Alt a haɗe. In mai manhaja ya ware Ctrl da Alt da K ma wani umarni nashi, ya tare hanyar wanda ke neman ƙ ta nan. Shi bai ma san ya yi ɓarna ba, don a harshenshi k iri ɗaya ce. A waya kuma babu maɓalli na zahiri sam. Allon gilashi rubutu yake miƙa ma manhaja, wani lokaci kalma sukutum. Shafin da aka gina shi yana jiran lambar kowane maɓalli shi ne wanda za ka ga yana maimaita harafi ko yana haɗiye shi.

Ƙofa ta biyu ita ce gyaran kai tsaye, korektar ɗin nan da ke canza kalma ba ka tambaye shi ba. Wayoyinmu galibi da Faransanci aka saita su, ƙamus ɗin da ke ciki na Faransanci ne. Duk kalmar Hausa da ka rubuta, shi kuskure yake gani. "Sai" ya koma "sais". "Muna tare" yana iya komawa "muna taré", ka zagi mutum kana nufin zumunci. "Ba" yana iya komawa "va", ga shi kuwa "ba" ita ke riƙe da korewa a jimlar Hausa, in ta faɗi magana ta juye. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, mai ƙera manhaja yana da ikon gaya ma allon rubutu cewa wannan gurbi na suna ne, kar a yi gyara a cikinshi. Layi guda ne na aiki. In bai rubuta shi ba, ƙamus ɗin Faransanci ne zai yanke yadda za a rubuta sunan mahaifiyarka.

Ƙofa ta uku ta fi ci mini rai. Ita ce mai gadin da ake sawa bakin gurbin suna a fom ɗin intanet: neman aiki, neman gurbin karatu, buɗe asusu. Sau da yawa umarnin da ake ba shi shi ne ya bar a zuwa z su wuce, watakila da é da è, saura ya kore su. Sai Ɗanladi ya rubuta sunanshi, jan rubutu ya fito: "caractère non valide". Ku fassara shi da Hausa ku ji: harafin farko na sunan da aka raɗa maka ranar suna, aka yanka rago, ba karɓaɓɓe ba ne. Haka Sa'idu, Rabi'atu, Isma'ila da Na'ima, saboda ƴar alamar nan ta ɗauri da ke tsakiyar sunansu. Dalilin da ake bayarwa shi ne tsaro, wai ɓarayin intanet suna amfani da wannan alama su kutsa rumbun bayanai. Gaskiya ne ana yin haka. Amma maganin abin sananne ne, duk ɗalibin informatik ana koya mishi yadda ake raba umarni da bayanan da mutum ya shigar. Wanda ya hana alamar gaba ɗaya ya zaɓi hanya mai sauƙi gare shi, Sa'idu ya biya kuɗin.

Ƙofa ta huɗu, nema. A wurin na'ura, ƙasa da kasa ba su haɗa komai ba, 409 daban, 107 daban. Ƴanci da 'yanci ma haka. Ita kanta alamar ɗaurin kala-kala ce a cikin na'ura, akwai miƙaƙƙiya akwai lanƙwasassa, ido yana ganinsu kusan ɗaya, lambobinsu daban. Shi ya sa za a ce sunanka ba ya cikin jeri alhali yana ciki, an dai shigar da shi da wata alamar. Ƙa'idar da ta dace mai sauƙi ce: a ajiye abin da mutum ya rubuta yadda ya rubuta shi, wajen nema kuma a sassauta. Wanda ya nemi Maradi a nuna mishi Maraɗi. Ai haka ake ma Faransanci, ka rubuta "ecole" a kawo maka "école". Dabarar tana nan, saura a tuna da mu a cikinta.

Ƙofa ta biyar ta shafi aljihu, kuma a nan dole in yi adalci. Saƙon SMS yana ɗaukar harafi 160 in duk haruffan suna cikin jerin da aka tsara ma wayar GSM a Turai. A jerin akwai é, è da à, babu ƙ. Da zarar harafi ɗaya ya fita daga jerin, saƙon gaba ɗaya yana komawa wani tsari mai ɗaukar 70 kacal. Saƙo mai harafi 150 da zai tafi a matsayin ɗaya, ƙugiya guda ta maida shi uku. Ƙungiyar da ke aika gargaɗin ambaliya ko ranar rigakafi ma mutum dubu goma, kuɗinta ya ninka uku. Ga kuma ƙananan wayoyin da ke hannun iyayenmu a ƙauye, waɗanda wasunsu ɗan akwati suke nunawa a gurbin ɗ. Wanda ya cire ƙugiya a irin wannan saƙo yana da hujja. Abin da nake roƙo shi ne ya san ya cire, ya sake karanta saƙon, ya kauce ma kalmomin da ke juyewa. Amma WhatsApp, Facebook da fom ɗin intanet ba su da wannan iyaka. A can babu uzurin kuɗi.

Na san abin da wasu ke raya ma ransu: ai muna gane juna haka nan. E, muna ganewa, don mun sha harshen a nono, muna cike gurbin da kanmu. Yaron da ke aji biyu fa, wanda malami ya koya ma ɗ da safe, da yamma ya ga yayanshi mai digiri yana rubuta "daki"? Wa zai bi? Bazabarme ko Ba'abzine da ke koyon Hausa a rubuce fa? Manhajojin fassara da masu karanta rubutu da murya don makafi, daga abin da muke zubawa a intanet suke koyo. In mun cika intanet da "kasa", ita za su maido muna. Kuma ku lura, babu ɗayanmu da zai kai takardar neman aiki da Faransanci babu aksan ko ɗaya, ya ce ai darekta zai gane. Kunya ma ba za ta bar shi ba. Ina wannan kunyar take in an zo kan harshen da muka tashi da shi?

Wasu kuma za su ce zamanin bokal ne, wa ke rubutu? Saƙon murya ya taimaki miliyoyin mutanen da ba su shiga lakwal ba, ban raina shi ba. Sai dai ba a cika fom da murya. Ba a sa hannu kan yarjejeniyar gona da murya. In kana neman abin da aka faɗa a gurup wata shida da suka wuce, rubutu za ka iya lalubowa cikin daƙiƙa, murya kuwa sai ka saurari ɗari.

Akwai inda iyakar ta gaskiya ce. Layuka biyu na ƙasan fasfo, waɗanda na'urar filin jirgi ke karantawa, A zuwa Z da lambobi kawai suke ɗauka, a duk duniya. Bajamushe ma yana rasa ɗigon da ke kan ü ɗinshi a wurin, amma a saman shafin ana rubuta mishi sunanshi daidai. Mu kuwa mun riga mun ga abin da ke faruwa in aka bar kunnen wani ya rubuta muna suna. Gidan Rumji ya zama Guidan Roumdji, Tasawa ta zama Tessaoua, Dogon Dutsi ya zama Dogondoutchi. Wancan karon alƙalamin bature ne. Yanzu da ake maida rajistar haihuwa, jerin ɗalibai da sauran takardun hukuma cikin kwamfuta, abin da aka shigar zai daɗe fiye da mu. In rumbun bai karɓi ƙugiya ba tun ranar farko, gyaranshi daga baya aiki ne mai tsada wanda ba kowa zai yarda ya biya ba.

Kar kuma wani ya ɗauka wannan kokowar Hausawa ce su kaɗai. Fulatanci yana da ɓ, ɗ, ƴ da ŋ. Zabarmanci yana da ŋ da ɲ. Barbarci da Tamajak suna da ǝ. Mai gadin da ya kori ƙ shi ne ke korar su duka, kuma gyara guda ne zai buɗe ma kowa. In muna son maganar harshen ƙasa ta zama abin haɗin kai, ga wuri mai kyau na farawa. Wanda ke ganin abin ya fi ƙarfinmu ya dubi ƙasar Gine. Wasu yara biyu ƴan gida ɗaya, Ibrahima da Abdoulaye Barry, sun ƙirƙiro rubutun Adlam don Fulatanci a ƙarshen shekarun 1980. A 2016 ya shiga Unicode, yau ana rubuta shi a waya. Tifinar na Abzinawa ya shiga tun 2005. Su sabon rubutu suka shigar gaba ɗaya. Mu haruffa huɗu ne, kuma sun riga suna ciki.

To mi za mu yi?

Na farko namu ne, mu da ke cikin wannan ɗaki. Kafin ku fita, ku shiga saitin allon wayarku. In Gboard ne, Paramètres, sai Langues, sai ku ƙara Haoussa. SwiftKey ma yana da Hausa. A wani allon haruffan suna fili, a wani sai ka danne k ko d ka riƙe kaɗan su fito. Ba ya goge Faransancinka, kana sauyawa tsakaninsu da taɓawa ɗaya. Masu kwamfuta, Windows tana da allon Hausa a jerin harsunanta, akwai kuma Keyman da ake saukewa kyauta. Gargaɗi ɗaya: kar ku sa harafi mai ƙugiya a kalmar sirri. Ranar da kuka ari wayar da ba ta da allon Hausa, kun kulle kanku waje. Wanda ya saita tashi ya saita ma mutum biyar a fadarsu ko a gidansu.

Na biyu, ƴan uwanmu masu ƙera manhaja, na jami'ar Abdou Moumouni, ta Dan Dicko Dankoulodo, ta André Salifou, ta Djibo Hamani, da waɗanda suka koya da kansu a waya. Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Injiniyan da ke zaune wata nahiya bai san akwai Ɗanladi ba, ku kun san shi, watakila ma shi ne ya biya muku kuɗin makaranta. Idan kun kwafo mai gadin a zuwa z daga intanet kun liƙa a aikinku, kun shigo da rashin saninsu cikin gidanku. Ku saurari harafi a wurin rubutu. Ku kashe gyaran kai tsaye a gurbin suna. Ku ajiye rubutu da UTF-8 tun daga fom har rumbu. Ku zaɓi zanen rubutun da ke da manya da ƙananan haruffanmu, Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ, don kar su fito a karkace kamar baƙi a tsakiyar kalma. Ku gwada aikinku a AZERTY da QWERTY da ƙaramar waya mai arha.

Na uku, hukumomi, ma'aikatun magajin gari, makarantu da ƙungiyoyi masu sayen manhaja da kuɗin jama'a. Muna neman a ƙara sharaɗi guda a takardar kwangila: manhajar ta karɓi dukan haruffan harsunan Nijar, ta ajiye su, ta nuna su, ta buga su a takarda, ta kuma gano su wajen nema. Gwajin ba ya cin minti biyar. Ranar karɓar aiki a shigar da Ɗanladi, Sa'idu, Maraɗi da ƴanci, a buga, a nema. In ɗaya ya faɗi, aiki bai kammala ba, kar a biya sauran kuɗin.

Mu kuma a matsayinmu na ƙungiya, ga abin da nake ba da shawara mu fara daga wannan mako. Duk abin da za mu wallafa da Hausa a shafinmu ya fito da ƙugiyoyinshi. Duk wanda fom ya ƙi karɓar sunanshi, ya ɗauki hoton gilashin, ya rufe bayanan sirrinshi, ya aiko muna. Za mu tara su, mu rubuta ma masu shafukan cikin ladabi, mu nuna musu gyaran, bayan wata uku mu koma mu duba wa ya gyara. Ina neman mutum biyu daga kowane gari da za su riƙe wannan aiki, ɗaya mai sanin informatik, ɗaya mai sanin ƙa'idar rubutu. Masu so su ba da sunansu a bakin ƙofa in an tashi, kuma wanda zai rubuta jerin ya tabbata ya saita allonshi tukuna.

 Allah ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya.